Jan Zakaran da Gumsu Ta Sayo

A wani ƙauye kusa da Mallawa, 'yan shekaru kafin Nasara su shigo ƙasar Damagaram, an yi wata mata mai suna Gumsu. Ba raguwa ba ce, ba kuma maƙaryaciya ba. Aibinta ɗaya, mafarki da rana tsaka, da gaggawar ganin ya tabbata. Duk abin da ta mallaka a duniya kaji ne, irin da ta gada wurin uwarta. In ta watsa musu tsaki, ba kaji take gani ba. Akuya take gani, akuyar ta zama karsana, karsanar na tafe a hankali cikin karan dawa, fara fat, nono na kumfa a ƙwarya.

A yankin kowa ya san ƙa'ida. Da damina ta ɗauke, gawo ya fitar da ganye, sanyi ya sauko, to lokacin fakat ya yi, wato cutar da ke share akurki kamar da tsintsiya. Ba a sayo kaza a lokacin. In dole ta sa, sai a kife baƙuwar da kwando nesa da gida har mako ya zagayo.

Ranar kasuwar Sassumbrum Gumsu ta ga wani jan zakara, jelarsa na sheƙi kamar an tsamo ta daga marina. Nan take ta hango tsakar gidanta cike da jajayen 'yan tsaki. Mai shi ya ce ta kawo ɗan geron da ke kanta, ya ishe shi. Zakaran kuwa sai lumshe ido yake.

"Malam, ya na ga yana gyangyaɗi?"

"Gajiyar hanya ce, baiwar Allah. Ke ma a rataye ki a sanda tun daga Dogo-Dogo, mu ga idonki."

Ta yi dariya ta karɓa.

Tana isa gida, tsohuwar maƙwabciyarta Tabawa ta leƙo ta kan zana.

"Gumsu, ɗaga kai ki dubi itacen nan. Gawo ya yi ganye, ke kin kawo mana gawa? Kife shi da kwando!"

"Haba Inna, ango guda? Amare na jira a ce ya yi mako a kwando?"

Ta kwance masa ƙafa ta sake shi.

Kwana uku zakara bai yi cara ba. Ran na huɗu kajin suka yi tsaye shiru cikin hantsi, fukafukai a ƙasa, idanu a lumshe. Wasu wuyansu ya murɗe, suna ta kallon sama kamar masu jiran a kira su. Gumsu ta jiƙa sassaƙen maɗaci, ta daka barkono a ruwa, ta ɗura musu. Ina! Kafin Juma'a akurki ya zama wayam, cuta ta haura zana ta bi gida-gida.

Da safe Tabawa ta shigo riƙe da wake-waken kazarta mai ɗigon baƙi da fari, matacciya.

"Wannan na ajiye wa sunan jikana," ta ce. "Ba zagi ya kawo ni ba. Ɗauko fartanyarki, ramin ya fi ƙarfin tsohuwa."

To, mai kunne ya ji. Kowace cuta da lokacinta, kuma waɗanda suka ce a jira mako ba don wauta suka faɗa ba, sai da suka binne nasu kajin tukuna. Buri ba laifi ba ne. Amma wanda ya kasa haƙurin kwana bakwai, ba shi kaɗai zai yi kuka ba, har da maƙwabcin da bai ci ba bai sha ba.