Uwar Shayin Gidan Shukur

A shekarar 1931, lokacin da sabon ganye ya sauko birnin Rangun daga tuddan Shan, Rahamim Shukur yana da shekara arba'in da ɗaya a duniya, kuma ya kwashe ashirin daga cikinsu yana jin haushin ƙanensa Nissim. Ba rago ba ne, ba kuma maƙaryaci ba. Shi ke riƙe da makullan sito, shi ke fama da 'yan dako a bakin kogi, shi ya san jirgin ruwan da ke yoyo da wanda ba ya yi. Aibinsa guda ne: da zarar an yabi Nissim a gabansa, abinci ya fita ransa ke nan.

Gidan Shukur sun shekara saba'in suna sayar da shayi. Kakansu Bayahude ne da ya zo daga Bagadaza da wani babban akwatin katako mai shimfiɗar dalma a ciki, shi ne kuma ya kafa al'adar gidan. Kowace shekara sai a cika akwatin da mafi kyawun sabon ganye, a gauraya shi da tsohon da ke ciki, a rufe wata guda. Bayan nan a ɗebi rabi a haɗa shayin sayarwa da shi, rabin kuwa ya jira baɗi. Akwatin bai taɓa zama wayam ba, saboda haka suke cewa duk wanda ya sha shayinsu ya sha ko da ganye ɗaya da kaka ya taɓa da hannunsa. Mai lissafi zai iya yi wa wannan magana dariya. Amma ɗanɗanon bai sauya ba tsawon shekarun nan, kuma shi ake saye tun daga Mandalay har Kalkata. Akwatin nan Uwa suke kiransa.

Abu na biyu da aka gada shi ne cokalin azurfa na mai ɗanɗanawa. Yana hannun mahaifinsu, tsoho Menashe, kuma kowa ya san Nissim zai gaje shi. Nissim kan kurɓi cokali ɗaya, ya juya shi a baki, ya tofar, ya faɗi gefen tudun da aka tsinko ganyen da ko an yi ruwa ran nan. Rahamim ya yi iya ƙoƙarinsa. Ya bar shan taba shekara biyu, ya bar barkono, ya riƙa zama da kofuna goma a gabansa kamar mai gadin su. Abin da harshensa ke gaya masa bai wuce biyu ba: da zafi, da ɗaci.

Matarsa Mazal ta sha ba shi haƙuri, wani lokaci da tsokana.

“Wai duk a kan cokali kake wannan ramewa? Muna da goma sha biyu a madafa, zaɓi wanda ya yi maka.”

“Ke ba ki jin abin da ake faɗa a majami'a. Ni na girme shi da shekara shida, amma sai a ce shagon su Nissim.”

“To, ni dai ba harshe na aura ba,” in ji ta. Bai ko yi murmushi ba.

A shekarar nan Nissim da kansa ya hau tudu, ya yi mako uku, ya sauko da akwati goma sha biyu a kan alfadarai da jirgin ƙasa. Menashe ya murza ganyen a tafin hannu, ya ce bai ga irinsa ba tun yana saurayi. Ya faɗi haka a shago, ya maimaita a majami'a, ya sake faɗa a kan abinci. Duk sau ukun Rahamim yana wurin.

Ranar cika Uwa babbar rana ce. Dattawan majami'a da manyan abokan ciniki kan taru a sito, maigida ya ɗanɗana sabon ganye a gabansu kafin a zuba. A nan Rahamim ya ɗora dabararsa. Abin da ake fara koya wa kowane ɗan gidan shi ne ganyen shayi yana shan wari kamar yadda auduga ke shan ruwa, shi ya sa ba a shiga sito da sabulu ko turare ko albasa. Ya kuma san cewa daga yammacin Juma'a har safiyar Lahadi babu mai taka wurin, saboda hutun Asabar. Ranar Juma'a da la'asar, da ma'aikata suka watse, sai ya ɗauko kafur da ya kwaso daga akwatin kayan Mazal, ya sassauta murafen akwatunan Nissim, ya jera kafur ɗin a bakinsu, ya lulluɓe da buhu, ya kulle ƙofa. Ranar Lahadi ya riga kowa zuwa, ya kwashe, ya mayar da ƙusoshi, ya buɗe tagogi. Asabar uku ya yi haka. Busasshen ganye yana iya ɓoye sirri, ruwan zafi ne ke tona shi. Ba ɓarna yake nufi ba, a tunaninsa. So yake kawai ya ga tsohon ya kurɓa ya yamutsa fuska, mutane su juya su dubi Nissim.

A Asabar ɗin nan uku ya ci kaza da shinkafar da ta kwana a kan garwashi har da ƙari. Nissim ya dube shi ya ce, “Yaya, me aka yi maka albishir da shi? Ka ga kumatu.” Aka yi dariya, shi ma ya yi.

Ranar ta zo, mutane suka cika sito. Menashe ya zauna a kujerarsa kusa da Uwa, amma bai ce a ɗora ruwa ba. Ya gaya musu abin da ya ɓoye tun zazzaɓin da ya yi da damina: harshensa ya mutu, shayi da ruwan zafi duk ɗaya suke a bakinsa. Ya ce bana babu sauran ɗanɗanawa, domin bakin da ya fi nasa ya riga ya ɗanɗana a kan tudu. Ya miƙa wa Nissim cokalin.

Rahamim ya gane dabararsa ta rushe: ganyen zai shiga Uwa ba a ɗanɗana ba. Tsohon bai gama ba. Ya ce tun zamanin kaka mai cokali ne ke riƙe da Uwa, amma shi zai raba.

“Harshe ke zaɓen ganye, amma hannu ke tsare gida. Shekara ashirin damina tana dukan garin nan, ɗigon ruwa bai taɓa kayanmu ba. Ina gani, Rahamim, ko da ban faɗa ba. Uwa taka ce, kai ne babban gidan nan. Zo ka cika ta da hannunka.”

Dattawa suka yi ta sa albarka. Aka jawo akwatin farko, Rahamim ya ɓalle murfin. Nissim, da ke tsaye a gefe, ya ɗan ɗaga hanci, ya matso.

“Yaya, dakata. Bari a ɗora ruwa, kofi ɗaya kawai.”

Ƙofar tsira ke nan aka buɗe masa, ba tare da ya roƙa ba. Da ya ce to, da asarar ta tsaya a kan akwati goma sha biyu. Ya san haka sarai. Amma karo na farko ke nan a rayuwarsa da idon jama'a ke kansa shi kaɗai, sai ga muryar nan dai ta ƙanensa ta shigo tsakani, kuma mutane har sun fara juyawa gare ta.

“Yau ɗin ma?” ya ce a hankali. “Yau ɗin ma sai ka koya mini?”

Wani dattijo ya ja hannun rigar Nissim. “Kai, mai cokali, bar yayanka ya ci ranarsa.”

Nissim ya dubi mahaifinsu, ya dubi yayansa, ya ja da baya. Rahamim ya juye ganyen cikin Uwa, ya zura hannuwa har gwiwa ya gauraya sabo da tsoho, kamar yadda ya ga ana yi tun yana ƙarami. Aka rufe, aka ɗaure.

Watan nan bai ƙara neman ƙarin abinci ba. Mazal ta tambaye shi sau ɗaya ko ya ga kafur ɗinta, don asu ya fara cin barguna. Ya ce bai gani ba. Ta daɗe tana kallonsa, ba ta sake tambaya ba.

Da wata ya cika, tsohon da 'ya'yansa biyu suka buɗe Uwa. Nissim ya dafa, ya kurɓa, ya riƙe a baki fiye da yadda ya saba, sannan ya tofar. Tsohon ya tambaye shi me ya ji.

“Kafur, Baba.”

Ya yi sauri ya ƙara da cewa wataƙila a jirgin ƙasa ne aka haɗa kayan da na wani mai tufafi, laifinsa ne da bai duba ba. Menashe ya girgiza kai. Ya ce shi ya murza ganyen nan ran da ya iso, kuma hancinsa bai mutu tare da harshensa ba. Bai tambayi wanda ke riƙe da makulli ba. Ya dai tsura wa makullan ido a ƙugun babban ɗansa, har Rahamim ya durƙusa ya faɗi abin da ya yi, tun daga Juma'ar farko.

Ya zaci za a kore shi, har ya kwance makullan ya ajiye a ƙasa. Tsohon ya tura masa su da sandarsa.

“Ɗauki abinka. Uwa ma taka ce, ni na ba ka a gaban mutane. Ka yi yadda ka ga dama da ita.”

Rahamim da kansa ya kwashe ganyen shekara saba'in a buhuna, ya kai bakin kogi ya zubar. Shayin Shukur na shekarar ya fita babu Uwa a cikinsa. Mai kyau ne, amma ba shi ba ne, kuma tsofaffin Kalkata sun gane tun daga kofin farko. Da yawansu ba su dawo ba. Nissim ya sa kafinta ya yi sabon akwati, ya soma daga farko, bai kuma taɓa tayar da maganar ba. Wannan shirun ya fi zagi ciwo. Tsohon akwatin kuwa an wanke shi da toka, an shanya shi a rana har rani biyu, warin bai fita ba. Daga baya Mazal ta sa aka kai shi ɗakinta ta zuba barguna. Asu bai ƙara taɓa su ba.

Darasin a fili yake. Mai hassada yana ƙirga abin da aka ba ɗan'uwansa har ya kasa ganin abin da ake ajiye masa, kuma wutar da ya kunna don ɗakin wani ba ta tambayar mai gida. Laifin Rahamim na farko yana da magani, kofi ɗaya na ruwan zafi ya isa. Na biyun ne ya cinye gadon. Idan ka riga ka yi kuskure, sai wanda kake jin haushi ya ce maka dakata, to ka dakata, ko da duk gari na kallo.