Kwana Arba'in na Kaza da 'Ya'yanta

An ruwaito a wani tsohon littafi da gara ta cinye gefensa cewa an yi wani sarki a Birnin Kwargaba, sunansa Tunau. Ranar da aka naɗa shi, bayan magariba, taurarin nan da ake kira Kaza da 'Ya'yanta suka tsaya daidai saman fadarsa. Maroƙa suka ce ai taurarin sarki ne. Shi kuwa ya yarda, don a cikin soro ya tashi, bai taɓa duban sama da natsuwa ba.

Watanni suka shuɗe, kullum Kaza tana matsawa yamma, har cikin bazara aka duba aka rasa ta. Sarki ya daina cin abinci. Waziri Barmo, wanda ya daɗe yana jin haushin Jatau ƙanen sarki, ya ce, "Ranka ya daɗe, Jatau ne ya sa bokaye suka binne maka taurarinka." Aka ɗaure Jatau, aka ce Hauni, mai sare kan masu laifi, ya sare shi. Wallahi kowane manomi a garin ya san gaskiya, amma wa zai buɗe baki?

Sai tsohuwa Dela, uwar goyon Jatau. Ta dogara sandarta har gaban sarki ta faɗi ta yi gaisuwa.

Ta ce, "Allah ya ba ka nasara, mahaifina jagaban ayari ne, ya taɓa ba ni labarin wani madugu. Suna tsakiyar sahara Kaza ta ɓace. Madugu ya ce jagabansu ne mai baƙin jini, ya kore shi. Jagaba ya roƙe shi, ya ce, 'Taurari kullum suna ɗan riga jiya fitowa, suna riga jiya faɗuwa. Yanzu tare da rana Kaza take tafiya, hasken rana ne ya rufe ta, kamar fitila da tsakar rana. Ka jira kwana arba'in.' Madugu ya ƙi. Ayari ya ɓace hanya, ƙishi ya gama da su. Da Kaza ta dawo, ƙasusuwansu ta tarar."

Waziri ya ce, "Tatsuniyar tsofaffi!"

Dela ta ce, "To, a ba ni arba'in ɗin. In ba ta fito gabas kafin alfijir ba, a haɗa wuyana da na ɗana."

Sarki ya amince.

An ce ranar cikon arba'in, tun kafin asalatu aka fito da Dela da Jatau bakin ganuwa. Ga damina ta kama, hadari ya rufe gabas ruf. Hauni ya zare takobi. Dela ta riƙe hannun Jatau, hawaye na zuba, tana cewa, "Ya Allah, kada in zama na yi wa yaron nan ƙarya." Sai iska ta taso, hadari ya dare kaɗan. Ga su nan can ƙasa-ƙasa, 'yan ƙanana a cure, suna ƙyalƙyali.

Sarki ya ɗaga kai ya ga taurarin da idonsa. Sannan ya durƙusa ya kwance ƙanensa da hannunsa yana kuka. Aka tuɓe Barmo, aka ba Dela gida da gona. Sarki ya tambaye ta, "Iya, ashe taurarina ba su guje ni ba?"

Ta ce, "Ranka ya daɗe, ba su ma san sunanka ba. Tun kafin kakanka suke zuwa suna komawa da izinin Mai su. Wanda ya san sunanka, ga shi nan da shatar igiya a hannunsa."

Mai littafin ya ce, tun daga ranar Sarki Tunau bai sake yanke hukunci a kan abin da bai tsaya ya duba da idonsa ba. Allah ya tsare mu da gaggawa.