Sunan Jikar Ladan Haladu

Ku matso kusa, yau da shari'a na zo muku, kuma ku ne alƙalai.

A wani gari can gefen Hadejia an yi wani ladani, Malam Haladu, wanda muryarsa ce ke tashin unguwa guda. Wata shekara muryar ta dishe. Ya sha zuma da citta, ya ce sanyi ne. Da ya je ƙaramin asibitin garin neman maganin tari, sai ya tarar da wata nas mai suna Barira. Ta tambaye shi tun yaushe, ta taɓa wuyansa, ta ji wani ƙulli, ta ce lallai ya tafi babban asibiti a birni. Ya amsa da to, ya koma gida ya ƙi zuwa, don tsoron abin da za a gaya masa. Barira ba ta bar zancen ba. Da ta tashi aiki ta yi sallama a gidansa, ta zauna da matarsa da ɗansa Sammani, ta faɗa musu gaskiya ba tare da ta firgita su ba. Washegari Sammani ya sa shi a mota. Likitoci suka ce ciwon daji ne a maƙogwaro, amma an zo da sauran lokaci.

Aka yanke za a riƙa gasa wurin da na'ura. Kafin a kunna ta, sai an kwantar da mutum, an rufe masa fuska da wata raga mai tauri, an ɗaure ta a gado don kada kai ya motsa. Malam Haladu na jin an ɗaure, ya ji kamar an sa shi a kabari da ransa. Ya yi ta bugun gado har aka kwance shi, ya sa hularsa ya ce ya haƙura, gara ya mutu a ɗakinsa. Saratu, wadda ke sarrafa na'urar, ta biyo shi har bakin ƙofa. Ba ta yi masa faɗa ba. Ta ba shi ragar ya riƙe, ya jujjuya, ya ga iska na ratsa ta, sannan ta ce, "Baba, ina ganinka ina jinka. Ka ɗaga hannu kawai, zan tsayar." Kullum sai ta yi masa magana ta lasifika yana tasbihi a zuci, har a gama. Bai sake fashin zuwa ba.

Ana tsakiyar gashin, maƙogwaron ya saɓule, ko ruwa ya haɗiya sai hawaye. Ya rame har zobensa ya riƙa zamewa. Likita ya ce in ya ƙara ramewa dole a dakata, dakatarwa kuwa ciwon ne zai samu sarari. Nan Kubura mai kula da abincin marasa lafiya ta shigo. Ta tambayi matarsa abin da ya saba ci, ta koya mata dama kunun gyaɗa da madara da ƙwai, a tace, a bar shi ya huce, babu tsami babu yaji. Ta riƙa zama a gabansa da cokali tana ba shi labarin kakanta mai taurin kai, yana murmushi yana kurɓa, har ramar ta tsaya.

Allah ya ba shi lafiya. Muryar ba ta koma kamar da ba, amma ya sake tsayawa ya kira asuba, tsofaffin unguwa suka ji suka share ƙwalla. Likitocin kuwa ya je har ofis ya yi musu godiya.

Bayan damina matar Sammani ta haifi mace. Sammani ya durƙusa ya ce, "Baba, kai za ka zaɓa mata suna." Malam Haladu ya ce sunan ɗaya daga cikin matan nan uku zai sa. Matarsa ta ce Kubura, Sammani ya ce Barira, shi kuwa Malam Haladu da ya tuna ragar nan sai zuciyarsa ta karkata ga Saratu, da ya tuna sauran sai ya ji kunya. Ga ranar suna ta matso, an sayi goro, jaririya kuma ɗaya ce.

To, jama'a, sunan wa ya kamata a raɗa wa yarinyar nan?