Itacen Jegon Furera

Akwai wani manomi a wani ƙauye kusa da Kunci, sunansa Tasi'u. Mutum ne mai bin diddigi. Ko kazarsa ce ta sauya wurin ƙwai, sai ya gano dalili hankalinsa yake kwanciya.

Shekararsu tara da matarsa Furera, babu haihuwa. Ba wai ba ta ɗaukar ciki ba. Tana ɗauka, amma da ya kai wata biyar sai ya zube, ba tare da wani ciwo na a zo a gani ba. Sau uku ana haka.

A yankinsu, da mace ta samu ciki, miji zai fara tara itacen wankan jego, domin kwana arba'in za a yi ana dafa ruwa safe da yamma. To, kowa ya san yadda shekarun nan suka matsa. Gona ta haɗe da gona, babu daji, kowace bishiya da mai ita. Da kara da kashin shanu ake girki. Duk da haka, Furera na cewa ta yi ɓatan wata, Tasi'u zai hau darbejiyar gonarsa ya sassaro rassa, ya jera a bayan rumbu.

Da ciki na uku ya zube, sai ya kasa kallon itacen. Ta wani gefen yake zagayawa.

Wata rana ya je ɗebo dawa, ya ga kamar tulin ya ragu. Ya ɗauki gawayi ya ja layi a jikin rumbu daidai tsayinsa. Bayan kwana uku, itace ya sauka ƙasa da layi. Ga Furera kuma da kara take girki, hayaƙi ya mayar da idonta jajir. A nan ya tuna cewa tuli biyun farko ma haka suka ɓace, baƙin ciki ya hana shi tambaya.

Washegari ya saɓa fartanya kamar zai tafi gona, ya laɓe a bayan danga. Can sai ga Furera ta ɗauro dami, ta miƙa wa Inna Kulu, ungozomar ƙauyen. Ya bi tsohuwar a hankali, har ta shige gidan wani ɗan ƙauyen, Badaru. Matar gidan, Rahmatu, kwananta biyar da haihuwa, mijin kuma yana kasuwar Dawanau wurin dako, bai bar mata ko tsinke ba.

Tasi'u ya dawo ransa a ɓace.

"Furera, itacen da na saro wa ɗana kike rabarwa?"

Ta ce, "Malam, itacen jego ne, ni kuma Allah bai nufa na yi ba. In na kalle shi a nan, kamar kabari nake gani. In na hango hayaƙinsa a gidan wata, sai zuciyata ta yi sanyi."

"Tulin farko fa?"

"Asiya na ba, da ta haihu."

"Na biyu?"

"Huseina."

Kunya ta kama shi. Shi gudun itacen yake yi, ita kuwa ta samar masa inda zai yi amfani. Ranar da kansa ya kwashi ragowar ya kai ƙofar gidan Badaru.

Da Rahmatu ta yi arba'in, ta zo godiya. Hira ta kai ga maganar ɓari, ta tambayi Furera watan da yake zubewa, da ko tana jin naƙuda. Da ta ji amsa sai ta gyara zama.

"Haka yayata ta yi ta fama. A asibitin birni suka ce bakin mahaifarta ne ke buɗewa tun lokaci bai yi ba. Ɗinke shi suka yi, yanzu 'ya'yanta biyu."

Tasi'u yana bakin ƙofa yana ji. "Ɗinki? Da allura da zare? To ta ina ɗan zai fito?"

"Kwancewa ake yi in haihuwa ta matso, Malam."

Tambaya ya yi ta jero mata har jaririnta ya gaji ya fara kuka.

Da Furera ta sake samun ciki, suka tafi birni. Likita ta duba ta, ta ce matsalar iri ɗaya ce. Aka yi ɗinkin. Ta ce ba ta yi musu alkawari ba, amma ban da daka, ban da ɗiban ruwa.

Tasi'u ya karɓi tulu, ya karɓi taɓarya, har surfe ya koya, maza na yi masa dariya. Amma bai saro ko reshe ɗaya ba. Tsoro yake ji, ba zai iya sake kallon tulin da babu mai wanka da shi ba.

Wata biyar ya zo, suka yi ta addu'a. Ya wuce. Na shida ya wuce, na bakwai ma. A na tara Furera ta haifi 'ya mace a asibiti.

Suna cikin motar dawowa ya tuna. Ga mai jego, babu itace.

Yana shiga gida ya tsaya cak. A bayan rumbu ga tuli nan, ya haye layin gawayin da ya ja.

Ya juya ga Inna Kulu da ke jiransu a tsakar gida. "Inna Kulu, wannan itacen daga ina?"

"Kai dai ba ka rabo da tambaya. Tun da cikin ya shiga wata shida, Asiya da Huseina da Rahmatu suke rage ice ɗai-ɗai, suna tarawa a wurina. Mun ɓoye maka ne, kada ka gani ka tsorata."

Tasi'u ya share ido, ya durƙusa ya hura wuta.

Darasi: Abin da ka tanada bai yi maka amfani ba, kada ka bari baƙin ciki ya hana wani morarsa. Alheri yana dawowa ta inda ba ka zata ba. Masu fama da ɓari ko jinkirin haihuwa kuma, a haɗa addu'a da zuwa asibiti. Ku tura wa 'yan uwa, wataƙila akwai wata Furera da ke buƙatar jin wannan.