Dunƙulen Zaren da Delu Ta Bari

An yi wani mutum, wani bawan Allah a wani gari can da daɗewa, ana ce masa Tanimu mai kwarashi. Sana'arsa saƙar huluna a gindin durumi, bakin kasuwa. Ba malami ba ne, ba mai dukiya ba ne. Abin da aka san shi da shi dai yawan tambaya. In ka shimfiɗa masa tabarma, kafin ya zauna sai ya juya bayanta ya ga yadda aka saƙa ta. Har tsokanarsa ake yi, wai ko a lahira sai ya tsaya tambayar hanya.

To, ku saurara. Wata rana da hantsi sai ga wata mata mai suna Talatu, ta durƙusa ta gaishe shi, ta kwance bakin zanenta ta fito da dunƙulen zare. Ɗan mitsitsi ne, bai kai lemon zaƙi ba.

Ta ce, "Malam, wannan shi ne zaren ƙarshe da mahaifiyata Delu ta kaɗa kafin ta rasu. Mahaifina ya tsufa, idonsa ya tafi, ga tari in sanyi ya shigo. Ya ce a saƙa masa mayafin wuya da zaren nan, da shi kaɗai."

Tanimu ya jinjina dunƙulen a tafin hannu, ya ce, "Baiwar Allah, wannan ai ko hula ba zai gama ba."

Ta ce, "Na sani. Ka ƙara da na kasuwa mai irin launinsa. Baba ba ya gani."

"Za ki gaya masa an ƙara?"

Ta sunkuyar da kai, ta ce, "In na gaya masa ba zai sa ba."

Jama'a, kada ku yi saurin zagin matar nan. Ba mugunta ta kawo ta ba, tausayin uba ne. So take tsohon ya ji ɗumi. Da ni da ku, da yawanmu cewa za mu yi, to mene ne a ciki? Zare ai zare ne!

Amma Tanimu ya ce, "Ni kam ba zan iya miƙa wa makaho abu in ce na matarsa ne alhali rabi na 'yan kasuwa ne ba. Ba ni kwana bakwai, in ga iyakar inda zaren nan zai kai mu."

Ta tafi ranta ba daɗi. Shi kuwa abin nema ya samu, tambayar tasa ta motsa. Ya warware zaren a hankali ya auna shi kamu-kamu. Bai taɓa shi da kwarashi ba tukuna, don zaren hannu in aka saƙa aka warware, aka saƙa aka warware, lalacewa yake yi. Sai ya yanko nasa zaren daidai wannan tsawon, ya yi ta gwaji a kansa. Ya yi saƙa irin ta hula, mai matsi, ta tsaya a taƙi biyu. Taƙi biyu fa! Wuyan wa zai zagaye? Ya warware. Ya rage faɗi, abin ya zama kamar ɗamara. Ya warware.

Ya je bakin kogi wurin masu su, ya zauna yana kallon raga. Ya ce, "Wai ku, ta yaya zare kaɗan yake rufe muku wuri mai faɗi haka?" Suka yi dariya suka ce, "Malam, raga ai rabinta iska ce." Ya dawo ya saƙa mai ido-ido, ya bar ƙananan ƙofofi a jere. Tsawo ya ƙaru, ya zagaye wuya sau ɗaya. Amma babu ragowar da za a ɗaure, da an sunkuya sai ya zame ya faɗi.

Ran kwana biyar Talatu ta leƙo. Ta ga dunƙulen uwarta yana nan yadda ta bar shi. Ta ce, "Haba Malam! Sanyi ya shigo, Baba yana ta tari, kai kana nan kana wasa da zare?" Maganar ta soke shi, don gaskiya ta faɗa. Ya ce, "Yi haƙuri, saura kwana biyu."

Tana tafiya sai ga wata tsohuwa ta zo ɗaure akuyarta a jikin durumin, igiyar kuwa gajera. Ba ta ƙulla ba. Zura bakin igiyar ta yi ta cikin madaukin da ke ɗaya bakin, ta ja, ya kama. Tanimu ya miƙe zumbur, ya ce, "Inna, don Allah sake yi in gani!" Ta ce, "Kai ɗan nan, lafiyarka kuwa?" Ta sake yi.

Ranar ya ɗauki zaren Delu da bisimilla. Ya saƙa mai ido-ido, kusa da baki ɗaya ya bar tsaga, yadda za a zura ɗaya bakin ta ciki ya riƙe kansa ba ƙulli. Da ya gama, abin da ya rage na zaren bai kai tsawon yatsa ba, shi ma ya soke shi a ciki.

Shi da kansa ya bi Talatu har zaure. Ya gaida tsohon, ya sa masa a wuya, ya kama hannunsa ya nuna masa tsagar. Tsohon ya cire, ya shafa shi daga wannan baki zuwa wancan. Ya ce, "Gajere ne."

Tanimu ya ce, "Iyakar abin da ta bari ke nan, Baba."

Sai hawaye ya zubo wa tsohon. Ya ce, "Shekara guda dunƙulen nan yana hannuna, na san nauyinsa. Na ce a raina, in aka kawo mini mayafi dogo, to na san an ruɗe ni. Da na karɓa na yi godiya, ban ce komai ba. Amma da tun daga ranar na san ko a gidana makaho ne ni." Talatu ta rufe fuska da gyale ta fashe da kuka.

Kun ji fa. Ƙarya ko ta tausayi ce, ƙarya ce, kuma wanda kake ganin ba ya gani sau da yawa ya fi ka sanin abin da ke hannunsa. Bawan Allahn nan bai ƙara abin da ba a ba shi ba, kuma bai naɗe hannu ya ce ba zai yiwu ba. Ya sha wahalar tambaya har gaskiya ta isa.

Ke mai tuwon sayarwa, kai tela da aka ba ka yadi, kai da kake karanta wa tsohuwarka wasiƙa don ba ta iya karatu ba, kai da likita ya gaya maka ciwon babanka ka je ka faɗa masa wani abu dabam: ku ji tsoron Allah. In abin da ke hannunku gajere ne, ku miƙa shi a gajerensa, ku faɗi gaskiya. Allah ya sa mu cikin masu riƙon amana.