Ƙwan Kwaɗo a Hannun Inna Mai Shara

Shehinmu, Allah ya haskaka makwancinsa, malami ne da Ubangiji ya haɗa masa ilimi biyu: da asuba yana karantar da tafsiri a zaurensa, da hantsi kuma yana koyar da ɗalibai a jami'a yadda halitta ke somawa cikin ƙwai da cikin mahaifa. Zahidi ne mai tsantseni, wanda ba ya ɗora ido kan madubin ƙara girma sai ya yi bisimilla. Ni almajirinsa ne a zaure, kuma ma'aikacin ɗakin gwajinsa. Wannan karama a kaina ta faru, kuma wallahi har yau ina jin nauyin faɗarta.

Aikina kula da ƙwan kwaɗi. Ƙwan da ya ɗauki rai yakan juya baƙin gefensa sama, ya tsage biyu, ya koma huɗu, ya koma takwas, har ya zama talibambam. Wanda ya mutu kuwa sai ya yi fari fat. Ƙa'ida ita ce ruwan famfo sai ya kwana biyu a buɗe, maganin cikinsa ya fita, kafin a zuba musu. Ranar nan lalaci ya kama ni, na tara daga famfo na juye kai tsaye. Kashegari ƙwan da ɗalibai talatin za su yi jarrabawa da su duk sun tsaya a tsagi huɗu, sun fara yin fari.

Da shugaban sashe ya tsare ni da tambaya, sai bakina ya riga hankalina, na ce Inna mai shara ce ta fesa maganin sauro a ɗakin. Innalillahi! Tsohuwar da ke riƙe da marayun ɗanta da wannan tsintsiya. Nan take aka ce ta ajiye aiki ƙarshen mako, ita kuwa ko uffan ba ta ce ba.

Shehi ya shigo da hantsi, ya dubi ƙwan, bai dube ni ba. Ya sa aka kira Inna, ya raba ƙwan cikin tasoshin gilashi biyu, ya miƙa mata ɗaya, ya miƙa mini ɗaya, ya ce, "Ku riƙe mini tukuna." Sannan ya ɗaga hannu ya yi addu'a a ɓoye, ba mu ji komai ba sai motsin leɓɓansa.

Ba a yi sa'a guda ba ya ce wa shugaban sashe, "Zo ka leƙa." Tasar Inna aka fara sawa a madubi: farin ya janye, baƙi ya dawo sama, huɗu sun zama takwas, wasu ma har sha shida. Shugaban ya ja da baya yana salati. Aka sa tawa: fari fat, ko ɗaya bai motsa ba, alhali daga kwano ɗaya aka ɗebo su a gabanmu.

Na durƙusa na faɗi gaskiya ina kuka kamar ƙaramin yaro, gemai-gemai da ni. Abin da Shehi ya ce kawai shi ne: "Ba ni za ka roƙa ba."

Na juya wajen Inna, na kasa ɗaga kai. Ta ce, "Tashi, ɗan nan. Ai ina goge taga lokacin da ka tari ruwan, a kan idona ka zuba. Na ga matarka na da tsohon ciki, shi ya sa na yi shiru."

Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi. Shekara goma sha tara muka ƙara tare a ɗakin nan, ban taɓa iya haɗa ido da ita ba har ta rasu.

Tsarki ya tabbata ga Mai fitar da rayayye daga matacce. Ya Allah ka ƙara wa Shehinmu yarda, ka jiƙan Inna, ka ba mu albarkacinsu, ka rufa mini asiri ranar da babu mai yi wa wani shiru. Amin.