Barewa da Ƙullin da Babu Toka

Ga ta nan, ga ta nanku, ku matso kusa.

Ta zo mu ji ta.

Dila ne ke koya wa namun daji gudu. Ranar tsere yakan ƙulla ciyawa daga gindin kuka har bakin rafi, kowa ya bi ƙullin ya nemo hanya. Kullum yana ce musu, "Ku tsaya ku shinshina kowane ƙulli. Nawa toka nake shafa masa."

Barewa ta ce, "Malam, in na tsaya shinshine-shinshine ai Zomo zai wuce ni."

Ashe Kura na laɓe, ta ji maganar Barewa. Ta je ta ƙulla nata, ta karkatar da hanya zuwa raminta.

Aka tashi tsere, Barewa ta yi gaba. Tana gudu tana gudu, sai ta daina jin motsin kowa a bayanta. Tsuntsaye ma sun yi shiru. Ta taka ƙashi, ta sake taka wani. Nan ta tsaya ta kai hanci kan ƙulli. Babu toka, sai yawu mai ɗumi.

Daga cikin ciyawa Kura ta ce, "Sannu da ƙoƙari, ƙanwata. Ke ce ta ɗaya. Matso ki karɓi kyautarki."

Barewa ta juya da gudu, Kura ta kai cafka ta guntule mata wutsiya.

Shi ya sa har yau wutsiyar barewa guntuwa ce, kuma ko ganye ya motsa sai ta ƙame tana shinshina iska.

Ƙurunƙus, nan ta tsaya, kan ɗan kusu.